Giwar Mwasiti a Gwanjo

Tabora, Lahadi, 1 ga Disamba

Zuwa ga matata Mwasiti, Maman Zuhura,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai tarin yawa, ina fata takardar nan ta same ki cikin ƙoshin lafiya. Yaya gwiwar taki, tana barinki hawa benen nan nasu? Yaya mai jego? Yaya kuma sabon mijin naki da ya ƙwace mini ke? Ki gaya masa na ji labarinsa, amma miji marar haƙori ba ya cefane, ya yi hanzari ya sako mini matata.

Ni lafiyata ƙalau, in ban da tuwo. Tun tafiyarki sau uku ina tuƙawa, sau uku kaji suna gode mini. Ruwa ya sauka sosai, mangwaron bayan gida yana ta faɗowa a kan kwano har yana firgita mage. Direban bas zai ba ki zuma kwalba biyu da ƙullin gyaɗa. Kwalba ɗaya ta Zuhura ce, kada surukin naki Hemedi ya ƙarar da ita a shayi.

Na san za ki ce ga waya, me ya kawo takarda. Kin san halina. A waya sai in gaishe ki sau huɗu, in tambayi farashin tumatir a Dar es Salaam, in kashe ban faɗi abin da ya sa na kira ba.

Aikin nan da kike kira aikin marasa aiki yana nan. Kullum bayan la'asar ni da Mwalimu Ngassa muna zama ƙofar tsohuwar maƙerata da butar gahawa, muna bin shafukan gwanjon intanet, muna duba tsofaffin sulallan da ake sayarwa. Shi ya koyar da tarihi shekara talatin, ya san wane sarki ya kamata a gani a wace shekara. Ni kuma na san abin da wuta ke yi wa ƙarfe. Ƙa'idar ƙungiyarmu ta masu tara tsofaffin kuɗi ba ta canja ba, ba a kai ƙarar kayan kowa sai mutum biyu sun duba sun sa hannu, don kada a ɓata wa mai gaskiya suna. Makon jiya mun kama wata rupiyar azurfa, harufanta duk sun yi laushi kamar an danna su a sabulu. Mai ita ya aiko mini da zagi har shafi guda. Ngassa, mai ce mini Fundi, wato gwanin sana'a, ya karanta yana dariya, ya ce, “Fundi, da kai ne mai duba kayan aure a garin nan, da rabin mazan har yau gwauraye ne.”

Yanzu ga abin da ya sa na ɗauki biro. Jiya da safe ina dubawa ni kaɗai, sai na ga Giwa. Taki nake nufi, ba wata ba, tsabar zinariyar nan da Jamusawa suka buga a garin nan lokacin yaƙi, wadda kakanki ya samu a ma'aikatar jirgin ƙasa, babanki kuma ya ba ki a aurenmu. Ko da ban ga sunan Hemedi a matsayin mai sayarwa ba, ai na gane zanen da aka shimfiɗa ta a kai, mai ruwan goro da ɗigon fari, ni na saya miki shi. An cire ta daga zoben da na kewaye ta da shi, an ɗauki hotonta ciki da baya har da gefe. An rubuta wai gadon gida ce tun 1916, kuma za a rufe tayi ranar Juma'a da azahar.

Mwasiti, ban taɓa hana ki yin yadda kika so da kayanki ba, yau ma ba hanawa nake ba, roƙo nake. Ki sa Hemedi ya janye ta. Akwai wata magana a kan Giwar nan da ban taɓa gaya miki ba, kuma in aka sayar da ita a kan abin da aka rubuta, za mu ci haƙƙin wani bawan Allah. Na so in rubuta maganar yau, hannuna ya ƙi.

Ki gaida mutanen gidan duka. Ki riƙa shafa man nan a gwiwa, ba ajiye shi a jaka ba.

Mijinki,
Mrisho Mabula


Tabora, Alhamis, 5 ga Disamba

Zuwa ga Mwasiti,

Assalamu alaikum. Ina gaishe ki, ina gaida mai jego da jariri, da fatan kowa ya tashi lafiya. Na ji daɗin muryarki shekaranjiya, ko da yake rabin hirar da sabon mijin nan naki kika yi.

Na riƙe abin da kika ce. Kin ce, “Baban Zuhura, kai dai ka fiye sa ido, na so sai kujerun Makka biyu sun tabbata ka ji. Wace magana ce kuma a kan Giwa? Faɗi mana, ina jinka.” Na buɗe baki, sai na ji ina tambayarki ko zumar ta iso. Kika yi dariya, kika ce tsufa ya fara taɓa ni. Daga nan na kira Hemedi, ya ce, “Baba, kayan Mama ne, sai abin da ta ce. Kuma tunda an fara tayi, ba a janyewa sai da dalili.” Dalilin yana bakina, amma yaya zan gaya wa suruki abin da ban gaya wa matata ba? Takarda uku na yaga tun ranar. Wannan ta huɗu ce, ko me za a yi sai ta shiga bas.

Kin tuna saura mako uku aurenmu babanki, Mzee Mdaki, Allah ya jiƙansa, ya kawo mini Giwa a ƙulle cikin hankici. Ya ce, “Tunda kai maƙerin zinariya ne, ka yi mata kunne a rataya a sarƙa. In ka ɓata ta, ka manta hanyar gidana.” Da wasa ya faɗa, amma ni ban ji wasa ba. Ina da shekara ashirin da huɗu, ban taɓa riƙe abu mai kyanta ba. Don sha'awa kawai na danna ta ciki da baya a farin ƙashin kifin tekun nan mai taushi da muke zubi a ciki, wai wata rana in gwada yin irinta da tagulla. Sannan na kunna fitila, na ɗauki bututu, na fara hura wuta don in manna kunnen.

Maƙeri ba ya ɗauke ido daga zinariya in ta yi ja, wannan ko ɗan koyo ya sani. Sai ga ki kin wuto ta ƙofar shago da ƙanwarki, kika yi sallama ba ki tsaya ba. Na ɗaga kai na bi ki da kallo, bakina kuma bai daina hurawa ba. Da na dawo da idona, rabin giwar ya zama ɗigo.

Na daɗe zaune ban motsa ba. Abin da ya kamata shi ne in naɗe ta a hankicin, in je in durƙusa gaban babanki. Tsoro ya hana ni, tsoron kada a fasa ba ni ke. Sai na narka ragowar gaba ɗaya, na zuba a ƙashin nan da na danna. Sau uku ina zubawa kafin ta fito. Wuta ta ci kaɗan, na cika nauyin da guntun ɗan kunnen mahaifiyata. Kunnen giwar da jelarta ba su fito ba, da allura na sassaƙa su, kwana tara. Kin tuna zazzaɓin da aka ce ya kwantar da ni kafin biki, har kika aiko mini da kunu? Giwa ce zazzaɓin. Layin haɗin da zubi ke bari a gefe na goge shi da magagari, na rufe da zobe. Da na kai wa babanki, ya juya ta a tafinsa ya ce, “Yaro, ai ka wanke ta har ta koma sabuwa.” Na ce na gode.

Zinariyar ta kakanki ce, ban ɗauki ko ƙwaya ba. Amma masu tayin nan ba zinariya suke saye ba, bugun 1916 suke saye, wannan kuwa ya mutu a hannuna tun 1983. Shekara arba'in da ɗaya kina rataye da ita ranar salla, kina nuna wa yara kina cewa kakanki ya taɓa wannan giwar da hannunsa, ni kuma ina gefe ina gyaɗa kai. Sau da yawa na yi niyyar faɗa. Kullum sai in ga ranar ta yi daɗi da yawa, ko ta yi ɗaci da yawa.

Jiya da la'asar Ngassa ya miƙo mini wayarsa. Ya ce, “Fundi, zo ka ga aikin wani ɗan banza mai hannu. Wanda ya yi wannan, in an kama shi, a fara ba shi lambar yabo sannan a ɗaure shi. Dubi gefen nan. Na sa hannu, saura kai.” Bai gane sunan Hemedi ba. Na ce masa idona yana ruwa, sai gobe. Ya dube ni ya ce, “Yau kuma? Kai da ke hango jabu daga tsallaken titi?” Laifi tudu ne, Mwasiti. Mutum nawa na kai ƙara a shekarun nan ina taka nawa ina hango nasu.

Yau da hantsi na sa hannu. Na san takardar nan ba za ta iso ki ba sai gobe da yamma, an riga an rufe tayi, wani ya biya, sunan Hemedi da naki sun hau kan cinikin. Kuma ba zan iya tsayawa kusa da ke a Arfa da guzurin da na san asalinsa ba. Ga abin da na rubuta wa masu shafin, don kada ki ji shi a canje: “Wannan zubi ce, ba bugu ba. A gefenta akwai layin haɗi da aka goge. Ƙarƙashin harufa akwai siraran layukan ƙashin zubi. Kunnen giwar sassaƙar hannu ce. Mai sayarwa bai sani ba.” A ƙasa akwai gurbin da suke tambayar yadda mai ƙara ya tabbatar. Na rubuta cewa ni na yi ta.

Ban san da wane ido za ki dube ni ba bayan wannan, kuma shi ne abin da ke damuna fiye da Makka, Allah ya yafe mini. Ki yi fushi yadda kika ga dama, kina da gaskiya. Ina sonki kamar ranar da kika wuce ƙofar shagon nan.

Naki,
Mrisho


Tabora, Laraba, 11 ga Disamba

Zuwa ga Maman Zuhura,

Assalamu alaikum. Ina fata kina lafiya, gwiwa ta yi sauƙi, jariri yana barinku barci. Direba ya tabbatar mini a hannunki ya sa takardar Alhamis, don haka ba zan tambaya ko ta iso ba.

Kwana biyar ke nan in na kira Zuhura ce ke ɗauka. Jiya ta ce, “Baba, Mama tana wanka.” Na ce wankan nan tun Asabar ba a gama ba? Sai ta ce, “Baba, ka bar ta tukuna. Ko ni ba ta yi wa magana sosai.” Na bari. Ba don in matsa miki na rubuto ba, sai don ki san abin da na yi game da Hemedi, tunda shi aka shafa wa kashin kaji.

Ya gaya mini an sauke Giwa tun ranar Alhamis, an kuma rufe masa shafinsa, wanda yake sayar da kayan wayarsa a kai. Wannan ban hango shi ba, kuma ya kamata in hango. Na sake rubuta wa masu shafin dogon bayani da cikakken sunana da hoton katina, na ce in akwai wanda za a hukunta ni ne. Shekaranjiya sun buɗe masa. Na ba shi haƙuri da bakina, ya ce, “Haba Baba, ya wuce.” Yaron kirki ne, ya sha zumar duka in yana so.

Na kuma rubuta a zauren ƙungiya, inda mutum fiye da ɗari biyu ke karantawa, don kada a riƙa yawo da sunansa. Wasu sun yaba, wasu sun ce dama ɓarawo shi ya san sawun ɓarawo. Wanda ya zage ni kan rupiyar azurfa ya samu labari, ya aiko da gaisuwa ta musamman. Ngassa kuwa ya zo da la'asar kamar kullum, ya zuba gahawa, ya shanye. Sannan ya ce, “Fundi, lambar yabon dai ba ni da ita. Ɗaurin kuma na ga Mama Mwasiti ta riga ni.” Na ce masa ko in bar aikin nan, tunda bakina ya mutu. Ya ce in daina shirme in buɗe wayar, akwai wasu sulallan Zanzibar da ba su kwanta masa ba.

Gidan nan ya yi mini girma. Na gyara ƙofar kicin da kika shekara biyu kina magana, na kuma samo tabaranki, yana cikin kwandon zare. Da kina ce mini maƙaryaci a waya sau goma, da ya fi mini shirun nan sauƙi. Amma zan jira, ni da na sa ki jiran gaskiya shekara arba'in da ɗaya ba ni da bakin ƙorafin mako guda.

Ki shafa mini kan jariri.

Mijinki, in har yanzu kin yarda,
Mrisho


Dar es Salaam, Asabar, 14 ga Disamba

Zuwa ga Baban Zuhura,

Wa alaikumus salam. Muna lafiya, jariri yana ƙiba, gwiwa da sauƙi. Ina fata kai ma kana lafiya, kuma ka daina kashe mini kaji da ɗanyen tuwo. Ka yi haƙuri da rubutun, da tabaran Zuhura nake yi.

Da farko kada ka ɗora mini. Ni sallama na yi, ban ce ka bi ni da ido ba.

Ka san yadda na ji labarin? Ranar Alhamis muna zaune a falo da mahaifiyar Hemedi, ta zo ganin jika. Sai ga shi ya shigo da waya a hannu, ya ce, “Mama, wai an ce jabu ce, kuma wai wanda ya yi ta ne ya kai ƙara.” Na ce wane maƙaryacin ne, karanta mini sunansa. Ya karanta. Matar nan ta sunkuyar da kai tana gyara wa jariri hula. Wannan shi ne ya ƙona mini rai, Mrisho, ba narkewar ba. Yaro ɗan shekara ashirin da huɗu ya ji tsoron babana, wa bai ji tsoronsa ba? Amma tsoho mai jika ya iya gaya wa baƙin da ba su san sunana ba, ni kuma da na ce maka ina jinka, ka tambaye ni zuma.

Kwana uku na yi ina kukan Giwar kakana, kamar an aiko mini da rasuwar da aka yi tun da daɗewa. Ran na huɗu na ce Hemedi ya kai ni wurin wani maƙeri a kasuwar Kariakoo, a narka ta a sayar a matsayin zinariya, wannan dai halal ne, in huta da ganinta. Mutumin ya auna, ya ce zinariya ce mai kyau. Har ya kunna wuta, sai ya sa gilashinsa a ido ya daɗe yana kallo. Ya ce, “Mama, wanda ya yi kunnen giwar nan ya sha wahala, duba ki gani.” Ya ba ni gilashin. Shekara arba'in da ɗaya tana wuyana, ban taɓa ganin kunnen nan ba sai ranar. Sawun allura ne a jere, ƙanana ƙanana, ba su ƙirguwa, wani wurin har hannun ya goce an dawo an gyara.

Ya ce, “In sa ta?” Na ce ya ba ni kayata. Hemedi ya ce, “Mama, Makka fa?” Na ce Makka ba ta tashi daga inda take ba, in da rabo za mu je.

Ta kakana na yarda in rabu da ita saboda ɗakin Allah, ban yi ko ɗar ba. Wannan na kasa, kuma haushin kaina nake ji da na kasa, don haka kada ka yi murna da yawa.

Ban karɓi haƙurin takarda ba. Ka rufe gida, ka bar wa Ngassa kajin, ka hau bas ɗin Talata. Ka zo ka zauna a gabana, ka faɗa mini duka da bakinka tun daga hankicin, kana kallona, ba tambayar tumatir. Amsar da zan ba ka na riga na shirya ta, gajeriya ce, kuma ba za ta yi maka zafi ba. Amma ba zan gaya wa takarda ba.

Ka taho mini da tabarauna.

Matarka,
Mwasiti binti Mdaki